Abin da Aka Zuba wa Harisu

"Hajja, kada ki ba shi!"

Ummusalama ta dire farantin allurai a kan gadon da ke kusa, taku biyu ta cafke hannun tsohuwar. Kofin ya karkace, wani ruwa baƙi-baƙi ya malale a kan farin zanin gado. Nan take wari ya cika ɗakin marasa lafiya.

Filasko!

Maganin wanke ciki, ga mutumin da jiya-jiyan nan aka farke cikinsa aka ɗinke.

"Sakar min hannu," in ji Hajja Jummare, idonta jajur. "Ɗana ne. Ni na haife shi."

"Na sani, Hajja. Amma hanjinsa bai farka ba tukuna, ko ruwa ba a yarda ya sha ba. Wannan in ya shiga, ɗinkin da ke ciki zai iya buɗewa..."

"Ya buɗe mana! Abin da kika zuba ya fito!"

Masu jinya suka bar fifita, har dattijon gado na huɗu da ya wuni yana nishi ya dakata ya miƙo wuya.

"Abin da na zuba?"

"Sijami! Ji ta kamar ba ta sani ba. An gan ki, yarinya. An gan ki da 'yar kwalba. Kin kwaɓa farin gari, kin tsiyaya masa a ciki yana kwance bai san inda kansa yake ba, aka ɗinke da shi. Mu da muka san asiri, a fura ake sa shi ko a shayi, mutum ya yi amai ya huta. Ke kuwa har ciki kika kai, kika sa zare kika rufe!"

Harisu ya buɗe ido da ƙyar. Leɓensa ya bushe, roba na fitowa daga gefen cikinsa zuwa wata jaka da ke rataye a jikin gado.

"Yumma... don Allah..."

"Yi shiru! Da ka farfaɗo jiya wa ka fara kira? Ni da na yi naƙudarka a bukkar gona, ko ita?"

Ai kuwa nan Hajja ba ta yi ƙarya ba. Kowa ya ji. Yana fitowa daga mayen allurar barci, bai ce Yumma ba, bai ce ruwa ba, sai "Salama... Salamata..." har sau uku, a gaban maza da mata.

Ummusalama ta sunkuyar da kai, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma kofin nan ba ta sake shi ba sai da ta juye sauran a bokiti.

* * *

To bari a koma baya kaɗan, don wanda bai san mafari ba kada ya yi wa kowa mummunan zato.

Harisu direban tarakta ne a wata babbar gonar riɗi can wajen Fashaga. Dogo, baƙi, ga wushirya, ga taurin kai irin na gado. Ita kuwa Ummusalama sista ce a asibitin da ke gefen unguwarmu a nan Gadarif, shekararta biyar tana miƙa wa likita almakashi a ɗakin tiyata.

Shekara biyu ke nan Harisu yana ciwon da babu shi a littafin likita. Yau ƙaya ta soke shi, gobe wai ƙura ta shiga idonsa. Mutumin da ƙarfe ya taɓa tsaga masa tafin hannu ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da huɗa, shi ne zai shiga lori tun daga Fashaga saboda ƙaya.

"Wannan ƙayar ma ai ba ta shiga ba," ta ce masa wata rana, tana danne dariya.

"Ta shiga, Sista. Ke ce ba ki duba inda ta shiga ba."

Daga nan magana ta yi nisa. Kafin saukar damina ta ce masa ita ba yarinya ba ce, in da gaske yake ya turo manya. Ya rantse ya tura. Aka yi shuka, riɗi ya yi fure, ya yi 'ya'ya, babu wanda ya yi sallama a ƙofar gidansu. Sai ta ɗauke masa wuta. In ya zo da ƙayarsa, ta haɗa shi da wata sistar.

Ana nan riɗi ya nuna. Ku da ba ku taɓa kwana a gona ba, riɗi ba ya jiran kowa. In ya nuna, kwana kaɗan ne ya fashe ya zube ƙasa, wahalar shekara ta zama abincin tsuntsu. A tsakiyar wannan rububin ciwo ya kama Harisu a gefen dama. Ya ce ƙabar ciki ce. Ya sha jar kanwa, ya ɗaure ƙugu da rawani, ya hau tarakta. Kwana uku! Ran na huɗu aka sauko da shi kamar buhu, aka kwantar a bayan taraktar tasa, aka keto baƙar lakar nan tamu da shi har gari.

Ummusalama ce a bakin aiki.

Da ta leƙa fuskar da ke kan gadon da ake turowa, sai ta ga Harisu ne.

"Za'ida ce, ɗan hanjin nan na gefen dama, kuma ta fashe," in ji Daktor Mahmudu bayan ya danna cikin. "Sista, za ki iya, ko in kira wata?"

"Zan iya."

Ta kuwa iya. Likita ya cire abin da ya ruɓe, ya yi ta wanke cikin da ruwan gishiri, kwalba bayan kwalba, har ruwan ya riƙa fitowa garau. Sannan ya ce, "Kawo maganin." Ta narka farin garin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, ta zuƙe a babban sirinji. Hannuwan likita biyu na riƙe da bakin yankan, ya nuna mata da haɓa, ta tsiyaya a daidai inda ƙazantar ta kwanta. Haka yake yi wa duk wanda hanjinsa ya fashe, ƙari a kan alluran da ake sawa ta jijiya, don kada ciki ya taru da mugunya daga baya.

Abin da ba ta lura da shi ba, ƙofar ɗakin akwai ɗan gilashi. A bayan gilashin kuma akwai Atine, da tsumman goge ƙasa a hannu.

Atine 'yar Kawu Sharu ce, yayan Hajja Jummare uwa ɗaya uba ɗaya. Bara ta samu aikin shara a asibitin. Tun tana 'yar ƙwailarta ake tsokanarta da "matar Harisu," ita kuma ta riƙe wasan da hannu biyu. Kafin a gama ɗinki, labari ya riga Harisu fitowa.

* * *

Washegarin rigimar filasko, duk inda Ummusalama ta bi sai an yi ƙus-ƙus. Mai shayin bakin asibiti, da ta saba ce mata "Sista, da madara?" yau cewa ta yi, "Sista, ko akwai ragowar garin nan? Maigidana ya fara yawo."

Mata suka kwashe da dariya.

Ita ba ta yi ba.

A gida kuwa ta tarar da mahaifiyarta, Goggo Atika, tana yin kisra, wainar dawar nan mai faɗi, tana watsa ƙullu a kasko kamar da shi suke faɗa.

"Har gidan suna maganar ta je," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Kakanki da ƙafa ya tako daga Hadeja za shi Makka, a nan Allah ya zaunar da shi, allo ne a hannunsa har ya mutu. Yau jikarsa ake kira mai asiri!"

"Goggo, kin san ƙarya ce."

"Na sani mana. Amma ko sun zo da shanu ɗari, ba za ki shiga gidan nan ba. Halas! Mutanen da ko sallama ba su iya turowa ba."

Wannan ta ƙarshen ita ta fi yi mata ciwo, don gaskiya ce.

Ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado. Ta yi kukanta mai isarta, ta share ido. Sannan ta buɗe jakarta ta fito da wata 'yar kwalba, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, mai murfin roba da jan zobe a wuya. Ranar aikin ta jefa ta aljihu maimakon kwandon shara, ita kanta ba ta san dalili ba.

Ta juya ta a tafin hannu, ta juya.

Can sai ta yi wani ɗan murmushi.

* * *

Da safe ta samu Hajja Jummare a gindin dalbejiyar asibiti, kan tabarma, tana jan carbi da fushi. Atine na gefe tana zuba mata jabana, gahawar nan tamu.

Ummusalama ta durƙusa har ƙasa.

"Ina kwana, Hajja."

Hajja ta ci gaba da jan carbinta.

"Ga abin da na zuba."

Ta ajiye kwalbar a kan tabarma. Hajja ta janye ƙafa kamar an ajiye kunama.

"Hajja, in tsutsa ta faɗa wa gona a kusurwa ɗaya, a bakin hanya ake tsayawa a yi feshi, ko wurin ake zuwa?"

"Kada ki koya min noma."

"Allura jini take bi, sai ta zagaya kafin ta isa. Wannan kuwa a kan ɓarnar aka zuba shi. Shi ke nan abin da ya faru, wallahi."

"To me ya sa jikinsa ya yi zafi jiya?" Atine ta cafe. "Gwaggo, abin ne yake aiki."

"Zazzaɓin ya sauka tun asuba, je ki taɓa shi." Ummusalama ba ta ko kalle ta ba. "Hajja, ban ce ki yarda da ni ba. Likita ma kin ce bakinmu ɗaya. Ɗauki kwalbar ki nuna wa wanda kika fi yarda da shi a duniya. In ya ce asiri ne, na yi miki alkawari ko gaisuwa ba za ta sake haɗa ni da ɗanki ba."

"Ko wa na ga dama?"

"Ko wa."

Hajja ta sa bakin mayafi ta ɗauki kwalbar, don kada ta taɓa fatarta.

"Yaya Sharu na hanya," ta ce. "Shi ba a yi masa wayo."

Atine ta yi wani fari da ido, ta gyara ɗaurin ɗankwali. Ubanta ne zai yi hukunci, ai magana ta ƙare.

Ummusalama ta tashi ta koma bakin aikinta. Akwai abin da ta sani, amma sirrin majinyaci amana ne, ba a bakinta za a ji ba. Sai dai akwai abu guda. In tsohon ya zaɓi ya yi shiru fa? 'Yarsa ce a gefe guda.

* * *

Da hantsi Kawu Sharu ya iso, da jallabiya da sanda da ƙamshin turarensa da ke riga shi shiga ko'ina. Ya tsaya a kan Harisu ya ƙare masa kallo.

"Kai dai jaki ne," ya ce. "Kwana uku! Riɗin na ubanka ne?"

"Kawu, ina kwana..."

"Da ban kwana ba ka gan ni?"

Hajja ba ta bari ya zauna ba. Ta zayyana masa komai, Atine na cike mata gurbi, masu jinya sun matso kamar ana rabon zakka. Ummusalama na tsaye a ƙarshen gado da takardar awon zafi a hannu. Daga ƙarshe Hajja ta warware bakin mayafi.

"Ga shi, Yaya. Duba min."

Tsohon ya karɓa. Ya kai ta kusa da ido, ya nisanta. Ya dubi jan zoben. Ya dubi Ummusalama, ya dubi 'yarsa.



Sannan ya sa hannu a aljihun jallabiya, ya laluba, ya fito da kwalbar turarensa, wadda duk Gadarif an san shi da ita, wadda yake ɗiga wa mutane a hannu ranar Juma'a. Ya ɗora su biyun a tafinsa.

Tsawo ɗaya. Murfi ɗaya. Jan zobe ɗaya.

"Jummare, shekara uku da suka wuce, da zazzaɓin taifot ya huda min hanji, wa ya yi jinyata?"

"Ni ce..."

"A wane gado?"

Hajja ta waiga. "Wancan na jikin taga."

"To da na tashi, likita ya ce min, Sharu, an wanke cikinka an zuba magani, ga ma kwalbar. Na ce a ba ni in riƙa tunawa da ranar da na leƙa kabari na dawo. Wa ya zuba? Ga ta nan tsaye." Ya nuna Ummusalama da sanda. "Hannun nan dai. Garin nan dai. Shekara uku yana cikina a ɗinke, ni ban ji son kowa ya kama ni ba sai na tuwon asida da miyar kuɓewa!"

Dattijon gado na huɗu ya fashe da dariya har ya riƙe ɗinkinsa yana "Wayyo! Ni ma an zuba min, Sista, yaushe nawa zai fara aiki?"

Ɗaki ya ɗauka.

Atine ta ce, "Baba, amma ai shi sunanta ya kira..."

"Ke, rufe min baki." Muryarsa ta sauka, dariyar ta bar fuskarsa. Ya zauna a bakin gado, ya jingine sandar. "Saura laifina. Jummare, yaron nan tun kafin a yi shuka ya same ni a gida. Ya ce, Kawu, kai ne ubana tun da nawa ya rasu, ka je min gidan su Ummusalama. Na ce to. Ya dawo, na ce sai an yi noman fari. Ya sake dawowa, na ce sai an yi girbi. Zama na yi a kan maganar, don ina da 'ya, na ce ko zai gaji ya waiwayo gida. To ciwo dai kwanan nan ya zo. Wane gari aka zuba masa kafin damina?"

Takardar da ke hannun Ummusalama ta faɗi ƙasa.

Ashe ya tura.

Ta dubi Harisu. Shi ma ita yake kallo, idonsa ya ciko.

"Na gaya miki, Salamata," ya ce a hankali. "Ke ce kika haɗa ni da sistar nan mai hannu kamar na maƙeri."

Atine ta ja tsummanta ta fice, ba wanda ya tsayar da ita. Hajja Jummare kuwa ta juya wajen ɗanta. Ta dubi tabon filasko da bai gama fita daga zanin gadon ba.

"Da ya sha fa?" ta tambaya, murya can ƙasa.

"Bai sha ba, Hajja," in ji Ummusalama. "Shi ke nan."

Aka yi shiru, irin shirun da kowa ke jiran wani ya fara magana.

To a cikin shirun nan ne, Allah Ya gafarta mana, wani sauti ya fito daga ƙarƙashin bargon Harisu. Ba ƙarami ba. Dogo, har da lanƙwasa a ƙarshe.

Harisu ya ja bargo ya rufe fuska.

"Alhamdu lillahi!" Ummusalama ta tafa hannu, ta manta da kowa. "Hanji ya farka! Hajja, hanjinsa ya tashi! Abin da muke jira ke nan tun ranar aiki!"

"Wannan ɗin?"

"Shi fa! Bari in gaya wa Daktor, yau zai iya kurɓar ruwa."

Hajja Jummare ta dafe ƙirji, sai ta saki guɗa. Ayyururui! A tsakiyar asibiti, saboda tusa. Kawu Sharu ya buɗe kwalbarsa ya shiga yayyafa turare yana cewa, "Mabruk, mabruk, amma a buɗe taga."

Da likita ya zo ya saurari cikin ya ba da izini, Hajja ce ta ɗebo ruwa a kofi. Ta ɗauki cokali, ta kai rabin hanya, sai ta tsaya. Ta juya ta miƙa wa Ummusalama.

"Ungo, 'yata. Ke kika san awonsa. Ni na kusa yin ɓarna... ki yafe min."

"Haba Hajja, ba komai."

"Yumma za ki ce."

Ummusalama ta karɓi cokalin. Harisu ya leƙo daga bargo.

"Habibti," ya raɗa, "kin ji abin da ya faru yanzu, kuma har yanzu kina so?"

"Na ga hanjinka da idona, Harisu. Me ya rage? Buɗe baki."

* * *

Goggo Atika ba ta sauko da sauƙi ba, kada ku ce na ce. Sau uku Kawu Sharu yana zuwa, sau biyu yana komawa da shayinsa bai sha ba. A na uku Hajja Jummare ta biyo shi da kanta, ta tsaya a tsakar gida, gaban maƙwabta, ta ce bakin da ya ɓata sunan yarinya shi ya zo ya wanke shi. Sannan aka shimfiɗa musu tabarma.

Ciki dai bai yi mugunya ba. Kwana goma aka sallami Harisu, yana tafe yana dafe gefe kamar mai tsohon ciki. Atine ta yi wata guda ba ta gaida kowa, daga baya ita ta fi kowa rawa ranar lalle, har wani mai awon hatsi daga Shuwak ya tambayi 'yar gidan wa ce.

Bayan an gama yankan dawa aka ɗaura aure.

Ranar da aka kai amarya, wata 'yar tsurku cikin dangi ta matso kusa da Hajja ta ce, "Ni dai har yanzu ina mamakin yadda yaron nan yake rawar jiki a kanta. Anya babu wani abu?"

Hajja Jummare ta kurɓi jabanarta, ta dubi ɗakin amarya. A kan 'yar kanta, tsakanin kwanukan jere, ga wata ƙaramar kwalba mai jan zobe, an cika ta da turare.

"Akwai mana," ta ce. "An zuba, an ɗinke. Je ki cire in kin isa."